Tohon Gonar Tudu

Litinin, 14 ga Maris, 2011
An gama sassabe a gonar tudu. Tas, ko tsinke babu. Shekara talatin ina malamin gona daga Isa har Gatawa, abin da na koya wa mutane ke nan: a sare, a ƙone, a tumɓuke kututture. Gonar maƙwabcina Sodangi kuwa sai ka ce makwancin zomaye. Sabara nan, kalgo can, 'yan gawo tsakiyar gona. Duk aikin Saude ne.

Alhamis, 17 ga Maris
Saude ta zo gaishe ni. 'Yar marigayi Na'Allah ce, aminina. Da fatauci ta fara, tana bi ta Burkusuma zuwa Maraɗi. Can ta ga manoma na barin toho a gona, ta dawo ta kafa injin matse man aduwa a Isa. Tana sayen ƙwallon aduwa da 'ya'yan gawo, amma da sharaɗi: sai wanda ya bar kututturan gonarsa suka tofo. Shekara huɗu ke nan.
Na ce mata tana koya wa mutanen garinmu Turba lalaci. Ta yi dariya, tana durƙushe.
"Baba, ni 'yak kasuwa ta. Ran da icce yaƙ ƙare, injina ya tsaya."
Wannan kam ta burge ni. Ba ta ce don Allah take yi ba.

Lahadi, 3 ga Afrilu
Wada ƙanena ya sake tayar da maganar. Gonar tudu gadonmu ce mu biyu, masu tifa kuma na son yashinta. Ya ce shekara biyu ba ta ba mu abin kirki ba, in bana ma haka ne a sayar. Na ce a'a. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Laraba, 8 ga Yuni
Ruwa ya sauka. Mun yi shuka.

Lahadi, 19 ga Yuni
Hadari ya taso, ba ruwa, sai iska. Rairayi ya yanke geron kamar da aska.

Asabar, 2 ga Yuli
Shuka ta biyu ma ta binne. Na kwashe sauran irin da ke cikin tulu, na uku ke nan. Binta matata ta dube ni, ta kau da kai. Gara da ta yi faɗa.

Laraba, 20 ga Yuli
Kwana goma sha takwas ba ɗigo. Na bi ta gonar Sodangi, wai ina neman akuya. Geronsa na shukar fari yana nan tsaye, ya yi yaushi amma da ransa. Na tsuguna gindin wata sabara na tura hannu cikin ƙasa. Ganye ya ruɓe a wurin, kashin awaki ya taru, ƙasar da sanyinta. Na san dalili sarai, an koya mana a makarantar gona. Amma an ce mana itace na bakin gona ne, ban taɓa tambaya ba.
Ashe Sodangi na kallona. Ya ce in akuya ce, bai ga ta shiga ƙasa ba. Shaƙiyyi.

Talata, 16 ga Agusta
Na je Isa, na leƙa wurin Saude da azumina. Mata sun kai talatin suna fashin ƙwallo a rumfa, Fulani na ɗaure buhunan gawo a babura don shanunsu. A shekarar fari! Da kanta take shiga gonaki tana duba toho, in ta ga an sare ba ta saye, ko kawunta ne. Mu da muke da ofis da babur ɗin gwamnati ba mu taɓa sa mutum ya bar reshe ɗaya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Da Na'Allah na raye da ya cika mu da baki.

Alhamis, 6 ga Oktoba
An yi girbi. Abin da na samu jaki ɗaya ya ɗauke. Sodangi ya aiko wa Binta dami biyu. Na ji kunya, na karɓa.

Asabar, 22 ga Oktoba
Wada ya ce kafin damina zai kawo mai tifa.

Litinin, 5 ga Maris, 2012
Na tarar da Attahiru, wanda na fara koya wa aiki yana saurayi, yana cinna wuta a gindin wani ɗan gawo. Ban san lokacin da na ce ya bari ba. Ya tsaya da kara a hannu.
"Malam, ai kai kak koya muna."
Haka ne. Na wuce. Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 10 ga Maris
Na fita sassabe. Kututturan da suka gagare ni bara duk sun tofo. Bayana na ciwo, shi ya sa ban tsaya tumɓuka ba. Na dai rage musu rassa, biyu-biyu na bari, masu ƙarfin. In za a yi abu a yi shi daidai, mutanen Saude suna yanka kusa da idon toho da yawa. Sai na gaya mata.
Da hantsi Wada ya iso da mai tifar. Wada ya daɗe yana kallon gonar. Na ce ya ba ni damina uku, in ba ta tashi ba ni da kaina za ni kira tifa. Ya raka mutumin bakin hanya, ya dawo shi kaɗai, ya ɗauki addata.
"Yaya, wane reshe za a bari?"
Na nuna masa.