Kokwambar da na zubar

Kaka,

Ni na zubar da kokwambarki mai tsami, kwalba huɗu. Na ga ruwan ya yi fari yana kumfa, na ɗauka ta lalace. Wiesława maƙwabciyarmu ta gan ni a bakin bola, ta ce, "Kai ɗan Ingila, duk karatunka? Yanzu ne ma ta nuna!"

Shekara tara a Leeds ta kanti nake ci, wadda ake jiƙawa a ruwan kal, wato binega, ruwanta garau. Na manta taki ruwan gishiri ne kawai, dole ya yi fari.

Na tafi kasuwa neman ɗanyar kokwamba, da ganyen ƙamshin nan, koper, in sanyi ya bar saura. Ki yi haƙuri. Kada ki fara komai da hannun nan naki mai ciwo. In na dawo ki zauna ki faɗa, ni zan haɗa. Zagin ma ki yi min ina aiki.

Radek