Man Shafawar Ingila da Fatar Takwarata

Badarawa, Kaduna,
Watan Sha'aban, 1976.

Zuwa ga jikana, maigidana Labaran,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sa'adiya da 'yarku takwarata. Allah ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka Ingila, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Babanka yana ta fama da ofis, gwaggonka Yalwa kuma ta samu sauƙin ƙafarta. In ka ga rubutun ya karkace kada ka yi dariya, iyakar abin da yaƙi da jahilci ya ba ni ke nan, kuma miji na gari ba ya tona asirin matarsa.

Man shafawar da ka aiko ya iso. Yaba kyauta tukwici, na gode, Allah ya yi albarka. Tun da kakanka ya rasu babu namijin da ya tuna ina da fata sai kai. Sai dai kwalbar, Labaran, ko ta kwalli ta fi ta ciki, kuma da babanka ya gaya mini tsadarta sai da na nemi wuri na zauna. Na gane abin da ka rubuta: fatar takwarata tana bushewa tana tsagewa, ƙaiƙayi ya hana ta sakat, Sa'adiya kuma tana kuka tana cewa ko nononta ne ba shi da kyau. Ka ce in fara gwada man tunda tawa fatar ma haka take, in ya karɓe ni ka riƙa saya wa yarinyar ko da za ka rage ci.

To, ka manta halin garinku. Ba a rufe ƙofa a ci tsaraba. Kafin in gama jujjuya kwalbar labari ya zaga, matan unguwa suka cika tsakar gida, wai barka suka zo yi mini. Ba ni da bakin hana su, gobe ni ma zan shiga gidajensu. Na riƙa lakuta wa kowace a bayan hannu kamar mai rabon zuma. Laraba mai ƙosai har da murfin kwalba ta zo, wai za ta kai wa 'yarta. Da suka watse na leƙa, abin da ya rage bai cika cokali ba. Raina ya ɓaci, na ce na lalata maka gwaji.

Ashe rabon nan ne zai ba mu amsa. Laraba, wadda fatarta ko ƙaya ba ta huda ta, ta shigo washegari tana sheƙi, ta ce mijinta ya tambaye ta ko biki za ta. Yawancinsu haka suka yaba. Ni ma ba zan yi masa ƙarya ba, yana da laushi, yana shiga jiki nan da nan, ba ya ɓata zane, kaushin hannuna ma ya kwanta. Amma a wuya da bayan kunne, inda fata ba ta da kauri, sai zafi kamar an goga barkono, sai ƙananan ƙuraje. Na ɗauka tsufa ne, sai ga Mariya matar direba, wadda ita ma sabulu mai ƙamshi ba ya karɓar ta, ta zo ta yaye mayafi ta nuna mini wuyanta ya yi ruɗu-ruɗu. Muka zauna muna susa muna yi wa juna dariya. Mu kaɗai ya yi wa haka. Ina zaton turaren da suka zuba masa ne, don ƙamshinsa har akuyar gidan nan sai da ta bi ni.

Gani ya kori ji, maigida. Man yana da kyau ga masu fatar Laraba, su kuwa ko ba shi lafiya lau suke. Mu masu fata mai gautsi, tsadarsa ba ta san mu ba. Kada ka shafa wa takwarata, kada kuma ka rage cinka saboda shi, ba na son a dawo mini da miji ramamme. Ku kai ta asibiti a duba ta, ku nemi mai wanda ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Balarabe, abokinka da zai taso karatu bayan Salla, zai kawo muku man kaɗe. Shi ma ku fara gwada shi a wuri kaɗan. A rage mata zafin ruwan wanka da sabulu, a shafa mai tun jikin yana da danshi.

Babanka da Yalwa da ƙaninka Ila suna gaishe ku. Ka gaishe mini da Sa'adiya, ka karanta mata nan da kyau: ta share hawayenta, nononta lafiya lau yake. Uwata ma haka ta yi ta kuka a kaina, ga ni har na ga 'yar jikana. Ku kuka ba yarinya sunana, ita kuma ta haɗa da fatar. In ana neman mai laifi, a zo Badarawa.

Ni ce kakarka,
Delu.