Eriyar da na ɗora a soro ta sa unguwa ta juya mini baya

Assalamu alaikum, Malam Mansur. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin abin ya fi ƙarfina.

Ni magidanci ne a cikin garin Daura, tela, kuma tun ƙuruciya nake sauraron tashoshin gajeren zango. Da maƙwabta suka yawaita sa sola, ƙugin inbata, na'urar da ke juya wutar solar, ya cinye mini kowace tasha. A wata 'yar ƙasida na karanta cewa eriya mai siffar zobe tana rage wannan ƙugin idan an juya ta daidai. Na sayi bututun jan ƙarfe wajen masu gyaran firji, na lanƙwasa shi, na haɗa da kwandensar tsohuwar rediyo, na kafa a soro. Ban tsallake ko layi ɗaya na ƙasidar ba. Wallahi murya ta fito tar.

Sai dai inda ƙugin ke mutuwa shi ne idan zoben ya fuskanci hanyar Kwangwalam, ta wajen daji. Yanzu ana raɗe-raɗin cewa da mutanen daji nake magana. Alhali na'urata ba ta aika komai, karɓa kawai take yi. Matata Hajo ta ce an daina aiko yara sayen alkakinta. A masallaci, mutumin da ke kusa da ni a sahu ya matsa nesa da ni. Jiya 'yan sintiri biyu suka tsaya daura da ƙofata, suna kallon soro, ba su yi sallama ba.

In na sauke ta, za a ce na ɓoye shaida. In na bar ta, ban san wanda zai fara jifa ba. Ina da 'ya'ya a gidan nan.

Mai Sauraro, Daura

Wa alaikumus salam, Malam Mai Sauraro.

Ba ka yi laifi ba, amma su ma maƙwabtanka ba hauka suke yi ba. Mutanen da suka ji abin da masu kai wa mutanen daji rahoto suka jawo wa wasu garuruwa dole su tsorata da ƙarfen da ba su sani ba. Ƙasidarka ta koya maka juya zobe, ba ta gaya maka ka fara sanar da unguwa ba.

Kada ka taɓa eriyar kai kaɗai. Yau, ba gobe ba, ka je wurin mai unguwa tare da limaminku. Ka roƙi su zo da shugaban 'yan sintiri da rana tsaka, ka kunna rediyon, ka juya zoben su ji ƙugin yana tashi yana sauka, su duba da idonsu babu makirfo. Sannan a sauke ta a gabansu. Irin wannan eriyar tana aiki a ɗaki kusa da taga, ba sai ta hau soro ba.

Idan ka ga taro ya fara haɗuwa kafin nan, kada ka fito yin bayani. Ka kira mai unguwa da 'yan sanda, ka fitar da iyalinka zuwa gidan dangi.

Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya sanyaya zukatan maƙwabtanka.