Na Ajiye Aiki, Ashe Takardar Tana Cikin Durowa

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a sakaya sunana, domin a Kankia ko tari ka yi da safe, kafin la'asar an san kai ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kafin ranar Alhamis nake buƙatarta.

Na karanci kwamfuta, na yi shekara shida ina aiki a wani ofishin gwamnati a ɓangaren Kusada, ba zan faɗi sunansa ba. Aiki ne na dindindin mai fansho, irin wanda idan ka samu mata ke zuwa yi wa mahaifiyarka barka. Baffana, yayan mahaifina, shi ya samo mini, don tunda mahaifinmu ya rasu shi ne uba. Ya sha zarya gidajen manya kafin a ba shi gurbin, wannan ban taɓa musu ba. Amma fisabilillahi wane aiki? Kwamfuta uku ne a ofishin, biyu an lulluɓe su da zani kamar gawa, ta ukun kuma sai ranar da aka samu man janareta. Abin da na ƙware a kai a shekara shida shi ne buga katin ɗaurin auren 'ya'yan oga. Ma'aikata su zo ƙarfe goma, su sa hannu a rajista, su baje a benci gindin bedi, wato darbejiya, ana gardamar ƙwallo da tsadar taki, ana kiran azahar kowa ya kama gabansa. Akwai wanda ya taɓa kirana in zo in gyara masa intanet ɗin da ke cikin firinta. Wannan mutumin mataki uku yake gaba da ni.

A gefe kuwa na fara samun ayyukan kaina, haɗa kwamfutocin makarantun kuɗi, sa kyamarar tsaro a shaguna da gidajen mai, saita ɗakin jarrabawa. Har ta kai ina ƙin karɓar aiki a Katsina da Kano don kawai in zo in ɗumama benci. Wata tara da suka wuce na rubuta takardar ajiye aiki, na miƙa wa shugaban sashen ma'aikata hannu da hannu, na fito na koma kwangila gaba ɗaya.

Baffa ya yi faɗa kamar zai ari baki. Wai gurbin gwamnati ba a mayar da shi, na gida ne ba nawa ni kaɗai ba. Ya ce, "Kowa ya samu abin yi sai ya bar sunanshi ciki ya tafi harkarshi, kai ɗai ka yi boko cikin garin ga?" Na ce masa ni ba zan ci albashin aikin da ban yi ba. Bayan sati biyu sai ya daina maganar, har yana amsa gaisuwata da fara'a, ni kuma na ɗauka ya haƙura. Ashe ni ne shashashan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwangila ba shimfiɗa ba ce. Akwai watan da waya ba ta yin shiru, akwai watan da har sai ka duba ko layinka ne ya lalace. Duk da haka ban taɓa kewar bencin nan ba ko sau ɗaya.

To satin da ya wuce wani kamfani a Katsina ya ba ni aikin sa na'urar dangwala yatsa a wasu ofisoshi, wadda za ta maye gurbin rajista, kowa ya zo aiki sai ya dangwala da kansa. Cikin ofisoshin har da tsohon namu. Wallahi dariya na yi har da riƙe ciki, na ce 'yan gindin bedi kwananku ya ƙare. Aka turo mini jerin sunayen ma'aikatan da zan ɗauki yatsunsu, ina dubawa ina jin daɗi, sai kawai na ga sunana. Da lambar fayil ɗina, da matakina, an rubuta ina bakin aiki.

Na hau mashin na tafi wajen shugaban sashen. Ko kunya bai ji ba, ya jawo durowa ya fito da takardata, har ta yi dabbaren goro. Wai washegarin da na kawo ta Baffa ya zo ya roƙi a riƙe, kuma Nafi'u, babban ɗan Baffa mai acaɓa a Kusada, shi ke zuwa yana sa mini hannu. Na duba rajistar, ko kwaikwayon sa hannun bai iya ba, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Katin asusun albashin dama yana hannun Nafi'un tun da can, shi ke ciro wa Inna, mahaifiyata, kuɗin cefane, tsohon layina da saƙon banki ke shiga kuma yana wayar Inna. Ni da na zaci asusun ya bushe, ko waiwayarsa ban yi ba.

Da na tunkari Baffa sai ma ya yi hamdala. Ya ce, "Ai Allah ne ya kawo na'urar hannunka. Ka ɗauki yatsan Nafi'u ka sa ƙarƙashin sunanka, wa zai sani?" Yana faɗa yana murmushi, shi a dole ya yi dabara. Abin minti biyu ne a wajena, gaskiya ne. Amma na'urar tana ajiye sunan wanda ya shigar da kowane yatsa, kuma sunana ne zai fito. A kwangila ba ka da fansho ba ka da ubangida, sunanka kawai ne jarinka. Ranar da aka gano, ba mai ƙara ba ni ko wayar caji in riƙe masa, in ma ban kwana a hannun hukuma ba.

Na wuce wajen Inna da ƙarfin gwiwata in kai ƙarar Baffa. Tana tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni na aike shi." Ta ce mahaifina ma kwangilar gini ya yi, ranar da ciwo ya kwantar da shi duk masu kiransa ba wanda ya leƙo, shi ya sa ta ce a bar mini ƙofa a buɗe. Rabin albashin gidan Nafi'u yake ci, sauran ta saya mini tumaki da shi. Tumakin nan uku na tsakar gida, waɗanda ni nake saya wa dusa ina yabon ƙibarsu.

Ranar Alhamis za a jeru a dangwala. Da Baffa ne kaɗai wallahi ko data ba zan ɓata in rubuto ba. In na tilasta a shigar da takardata, na cire abinci a bakin 'ya'yan Nafi'u, na kuma nuna wa gari cewa da sanin uwata aka yi wannan. In na yi shiru, na zama irin mutanen da na shekara shida ina rainawa, har gara su ma, su suna zuwa benci. Don Allah me zan yi? Masu shirin ce mini in bi iyaye, na ji, amma ku haɗa da gaya mini yatsan wa zan sa a ƙarƙashin sunana.