Masu Amsa Sunan Mamata

Jibiya, ranar Lahadi

Baban Fati,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sanyin Jamus ɗin nan naka. Fati na gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita.

Na karanta abin da ka aiko daga bincikenka, na ƙungiyar tsofaffin sojojin Jamus da ake kira Hular Kwano. Ka ce bayan yaƙin duniya na farko aka kafa ta, suka yi ta fareti suna kukan an ci amanar ƙasa, har suka ba 'yan Nazi hannu. 'Yan Nazin kuwa suka kwashe samarin cikinta, suka rushe ƙungiyar. Wallahi da ma ban karanta ba.

Ka san Baba da abokansa da suka yi yaƙin Laberiya. Kowace Juma'a bayan masallaci sukan jeru a bayan tashar Magama, Baba ya kira sunayen waɗanda suka rasu, sauran su amsa musu cewa suna nan. A da dariya suke ba ni, tsofaffi da tumbi suna buga ƙafa. Yanzu wani ɗan siyasa ya ɗinka musu riguna, ya ce su horar da samari su bi ɓarayin daji. Ƙanena Imrana ne farkon layi. Tsoro nake ji.

Matarka,
Sakinatu

Jibiya, ranar Asabar

Baban Fati,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ka.

Imrana ya shiga daji. Baba da hannunsa ya sa masa tsohuwar hularsa ta kwano. Yaran ɗan siyasan sun ce wa tsofaffin aikinsu ya ƙare, su koma gida. Direbobin Maraɗi na cewa an ƙona wata ruga, ban tambayi wa ya ƙona ba.

Jiya duk da haka suka jeru, ina tsaye daga gefe. Baba ya kira mamatan ɗaya bayan ɗaya, yana ta duban hanyar daji. Da ya kai ƙarshe, bakinsa ya suɓuce ya kira Imrana. Tsofaffin nan, saboda sabo, suka haɗa baki suka amsa masa cewa yana nan.

Ba wanda ya kawo mana labarin mutuwa. Amma Baba bai ci abinci ba tun jiya, ni ma na kasa faɗa wa Inna dalili. Ka sa yaron nan a addu'a, don ni bakina ya ƙi furta sunansa.

Matarka,
Sakinatu