Rufin Gidanmu a Wayar Oga

Talata da dare, Unguwar Boro

Har yanzu zuciyata tashi take yi. Yau a ofis na roƙi Oga Danladi ɗan hutu, in je in ga Mama a makarantar da mutanenmu suka fake tun da aka ƙone ƙauyenmu. Yana cin gyaɗa, ya ce in faɗa masa sunan garin. Ya rubuta a taswirar wayarsa, ya ja hoton tauraron ɗan'adam da yatsu biyu har rufin gidaje ya fito.

"Rahila, ga gidajenku nan lafiya lau. Wanne aka ƙone?"

Na ce, "Oga, tsohon hoto ne. Dubi cocinmu, a nan ko rufi babu, alhali an daɗe da rufa shi."

Ya yi dariya, ya miƙa wa abokan aiki. Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, wani har yana tambaya ko wancan ɗigon ne rumbunmu. Shi ne kuwa. Na ga maiƙon yatsan Oga a kan ɗakin da Baba ya rasu a ciki.

Wai sai na kawo shaida. Mutumin da muke zama benci ɗaya a coci ranar Lahadi, ya fi yarda da hoto a kan bakina.

Na kasa cin tuwo. Na haɗa jakata. Gobe da asuba zan shiga mota a Sabon Tasha, in ya ga dama ya kore ni.