Irin Geron da Na Ɓoye

Damagaram, daren Talata, ƙarshen bazara

Yaya Habu ya zo daga Gidimuni neman irin geron da fari ya bar mana. Wai sabon tauraro ya fito ta kudu, alamar ruwa ce, zai binne irin tun ƙasa na bushe.

Na ce, "Yaya, a rediyo an ce ƙaton tauraro ne ya fashe tun ba a kafa Damagaram ba. Haskensa ne sai yanzu ya iso."

Ya ce, "To, ɗan lakwal mai karatun boko, abin da ya yi wannan tafiya ya iso, ruwa ne zai kasa?"

Na ɗauko kwanon awo. Na auna masa rabi. Sauran yana ƙarƙashin gadona, don gudun kada ruwan ya ƙi zuwa.